Daga darar ƙasa zuwa ta waya: yadda ɗalibi a Maraɗi zai gina wasan bidiyonsa na farko

Yawancinmu da muka shiga koyon ƙirƙirar wasannin bidiyo, manyan wasanni ne suka ja mu: ƙwallon PlayStation a shagunan unguwa, Free Fire da PUBG a waya. Shi ya sa za ka ji sabon ɗalibi yana cewa zai yi wasan kokawa da fili da makaɗa da takobi, ko tseren kabu-kabu daga unguwar Zariya zuwa babbar kasuwa da shaguna da mutane kamar gaske. Burin yana da kyau, amma irin waɗannan wasanni tarin ma'aikata ne ke shafe shekaru a kansu. Ko Stardew Valley, da mutum ɗaya, Eric Barone, ya yi shi kaɗai, ya ci masa fiye da shekara huɗu kafin ya fito a 2016. Abin da nake ba kowane ƙane ko ƙanwa shawara, ko a lise yake ko a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, shi ne ya fara da dara, kuma ya kai ta ƙarshe har wani ya buga a wayarsa.

Na zaɓi dara saboda ka riga ka san ta, ba ta buƙatar gwanin zane, kuma duk abin da ake koyo a wannan sana'a yana cikinta: doka, bi da bi, ci da faɗuwa, da abokin karawa da za a koya wa na'ura ta zama.

Fara a ƙasa, da takarda

Kada ka kunna kwamfuta tukuna. Nemi inda dattawa ke dara a gindin bedi, ka gaishe su, ka zauna da littafi. Tsarin da aka fi sani shi ne gurabe 30, layi 5 kowane da gurbi 6, kowane ɗan wasa da ƴaƴa 12, wannan da tsakuwa wancan da guntayen kara. Ana fara zubawa ɗaya bayan ɗaya, kuma a lokacin zubi ba a yarda ka jera uku ba. In an gama zubi sai tafiya: ɗa yana matsawa gurbi ɗaya, gaba ko baya ko gefe, ba a karkace ba. Wanda ya jera uku ya ci, sai ya ɗauke ɗan abokin karawarsa guda.

Wannan kowa ya iya faɗi. Aikinka yana wurin da baki bai cika zuwa ba. Ka tambaya: "Baba, in mutum ya matsa sai suka zama huɗu a jere fa?" Zai ce maka huɗu ba ta ci. Ka ƙara: "To in zan ɗauka, zan iya ɗauka daga cikin ukun da ya riga ya jera?" A nan za ka ga kai ya rabu, wani ya ce ba a taɓa su, na gefensa ya ce a wurinsu ana taɓawa. Tambayi abin da ake yi in mutum ya toshe ba shi da inda zai matsa, da wanda ke fara tafiya bayan zubi, da hukuncin matsi ɗaya da ya ba da uku ta tsaye da ta kwance lokaci guda. Mutane kan warware irin wannan da gardama da dariya. Na'ura ba ta gardama: abin da ba ka faɗa mata ba, ko ta tsaya cik ko ta yi shirme.

Duk inda aka saɓa, kai ne za ka yanke, ka rubuta. Wannan yankewar ita ce tsara wasa, kuma ta fi rubuta lambobin umarni wuya. Ka fito da shafi ɗaya tak: yadda ake farawa, abin da ɗan wasa ke yi in juyinsa ya zo, abin da aka hana, yadda wasa ke ƙarewa. Sannan ka miƙa shafin ga wanda bai iya dara ba, ka ce ya buga da kai da abin da ke rubuce kawai. Inda ya tsaya yana kallonka, a nan rubutunka ke da rami.

Kayan aiki

Ba sai da kwamfuta mai tsada ba. Tsohuwar kwamfutar hannu mai RAM giga 4 za ta ɗauki wasa mai fuska biyu (2D, wato hoto a shimfiɗe mai tsawo da faɗi kawai) irin wannan, in ta kai 8 ka huta.

Injin wasa shi ne manhajar da ke ɗauke maka nauyin nuna hoto, fitar da sauti da karɓar taɓin yatsa. Unity, da ya fito a 2005, shi ne ya fi yawan darussa a intanet, ana rubuta masa umarni da harshen C#, amma yana da nauyi wajen saukewa, kuma a Satumbar 2023 kamfanin ya sanar da sabon kuɗin da zai riƙa karɓa gwargwadon yawan masu sa wasa a na'urarsu, abin da ya tayar da ƙura har ya janye shi bayan shekara guda. Unreal na kamfanin Epic yana da ƙarfi ƙwarai, sai dai yana son na'ura mai katin hoto na kirki. Ni Godot na riƙe. Ƴan Ajantina biyu, Juan Linietsky da Ariel Manzur, suka fara shi, aka sake shi kyauta ga kowa a 2014 ƙarƙashin lasisin MIT, ma'ana ko ka sayar da wasanka ba wanda zai ce ka ba shi kaso. Fayil ɗaya ne, ba a girka shi, kana iya ɗaukarsa a kilen USB daga wurin aboki ka danna ya buɗe. Wanda ya san yadda forfen intanet ke ƙarewa ya san darajar wannan. Ɗauki Godot 4, kuma in za ka buɗe sabon aiki ka zaɓi Compatibility a wurin nau'in nuna hoto, shi ne ke tafiya a tsofaffin kwamfutoci da ƙananan wayoyi.

In waya kaɗai gare ka, akwai Godot na Android, akwai GDevelop da Bafaranshe Florian Rival ya ƙirƙira wanda ake haɗa wasa da shi ba tare da rubuta umarni ba, akwai kuma Pocket Code daga jami'ar fasaha ta Graz a Ostiriya. Yatsa kan gaji a ƙaramin allo, amma ana fara koyo a haka.

Koyon magana da na'ura

Wanda bai taɓa rubuta umarni ba ya fara da Scratch, na cibiyar MIT ta Amurka. Tubala ne masu launi ake jerawa, akwai shi da Faransanci har da Hausa, akwai kuma wanda ake saukewa ya yi aiki ba intanet. Abu huɗu kake nema a can: ma'ajin ƙima, sharaɗin "in kaza to kaza", maimaitawa, da jeri. Da ka ga ka iya sa kyanwar da ke allon Scratch ta ƙirga maki ta tsaya in ya kai goma, ka tashi, kada ka daɗe.

Daga nan sai GDScript, harshen Godot, mai kama da Python. A cikin littafin jagorar Godot akwai darasin wasan farko mai fuska biyu, inda ɗan wasa ke kauce wa dodanni. Bi shi daga farko har ƙarshe, kana bugawa da yatsunka, ba kwafa da mannawa ba. An fassara babban ɓangaren jagorar zuwa Faransanci, ana kuma iya sauke ta gaba ɗaya a karanta ba rezo. In ka danna F1 cikin Godot bayanin kowane umarni zai fito ko ba ka da mega ɗaya. Turanci kuwa dole ka riƙa tsintarsa a hanya, domin saƙon kuskure da amsoshin da za ka nema galibi da shi suke.

Bidiyon koyarwa yana da daɗin kallo, kuma nan haɗarinsa yake. Mutum sai ya kalli talatin ya ji kamar ya iya, ya buɗe shafi fari ya rasa harafin farko. Duk darasin da ka gama, canza wani abu a ciki da kanka kafin ka wuce: ƙara gudu, sauya yadda ake cin maki, sa dodo na biyu.

Allon dara cikin lissafi

Nan ne zuciyar aikin. Kada ka fara da hoto. A wurin na'ura allon dara jerin lambobi 30 ne kawai: 0 gurbi babu kowa, 1 ɗanka, 2 ɗan abokin karawa.

```
var allo = []

func _ready():
    allo.resize(30)
    allo.fill(0)

func lamba(layi, gurbi):
    return layi * 6 + gurbi
```

Na'ura daga sifili take fara ƙirga, don haka layuka daga 0 zuwa 4 ne, gurabe daga 0 zuwa 5. Gurbi na 3 a layi na 2 shi ne lamba 15, wato 2 sau 6 a ƙara 3. Maƙwabtansa huɗu: 14 a hagu, 16 a dama, 9 a sama, 21 a ƙasa, wato ragi ko ƙarin 1, ragi ko ƙarin 6. Yanzu duba lamba 5, ƙarshen layin farko. In ka ƙara 1 ka samu 6, alhali 6 farkon layi na biyu ne, can ɗaya gefen allo. In ba ka toshe wannan ba, ranar gwaji za ka ga tsakuwa ta fita ta dama ta ɓullo ta hagu, ko na'ura ta ba mutum ci da ƴaƴa biyu a ƙarshen wani layi da ɗaya a farkon na ƙasansa. Maganinsa: kafin ka matsa hagu ko dama, tabbatar layin bai canza ba.

Gane ci kuma ba sai ka binciki allo duka ba. Tsaya kan ɗan da ya sauka yanzu, ƙirga irinsa da ke manne da shi ta hagu, ƙirga ta dama, haɗa da shi kansa. In jimla ta zama 3 daidai, an ci. In 4 ce, ba ci, kamar yadda dattijo ya faɗa maka. Maimaita haka sama da ƙasa.

Sai ka ba wasan ma'aji guda mai riƙe halin da ake ciki: zubi, tafiya, ɗauka, ko ƙarshe. Taɓi ɗaya a allo ma'anarsa ta dogara da wannan hali. A zubi yana nufin "ajiye nan", a tafiya "na zaɓi wannan" ko "kai shi can", a ɗauka "cire wannan". Yawancin rikicin da ke kama sababbi daga cakuɗa waɗannan yake fitowa. Ka sa duk dokoki a fayil ɗaya da bai san komai game da hoto ba, hoto kuma a wani fayil da aikinsa kawai ya dubi lambobi ya zana. Har ka gama wannan mataki, da'ira baƙa da fara sun ishe ka. Buga da abokinka a kwamfuta ɗaya har wasa ya ƙare da kansa in ɗayanku ya rage da ƴaƴa biyu.

Kare aikinka

Wuta kan ɗauke ba sallama, musamman a Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40. Ka saba da adanawa kowane ɗan lokaci, ka koyi Git tun a makon farko: yana riƙe tarihin kowane canji, in ka ɓata abu yau ka koma na jiya, kuma yana aiki ba intanet. In ka samu rezo ka tura kwafi GitHub, shafin da ake ajiye ayyukan Git a intanet, wani kwafin a kile. Kada ka ɗora kwamfuta a katifa ko tabarma mai laushi, ɗaga bayanta iska ta shiga, lokacin hunturu kuma ka riƙa share ƙurar da ke toshe mata fanka.

Abin da hannu da kunne ke ji

Wasa na iya bin doka sarai ya kasance ba daɗi. In ɗa ya ɓace daga wannan gurbi ya bayyana a wancan nan take, ido ba ya bi. Yi amfani da Tween, kayan aikin Godot mai motsa abu sannu a hankali, ka sa ya zame cikin kusan kashi ɗaya bisa biyar na daƙiƙa. Wanda aka zaɓa ya ɗan ƙara girma, guraben da zai iya zuwa su yi haske. In an ci, ukun su ƙyafta kafin a ce a ɗauka.

Sauti kada ka je nema nesa. Jefa tsakuwa a rairayi, ɗauka da wayarka da dare in gari ya yi shiru, yanke da manhajar gyaran sauti Audacity, fitar da shi a fayil ɗin WAV. Hoton ƙasar tsakar gidanku ma zai iya zama allon, ka gyara shi da Krita ko GIMP, duka kyauta ne. In ka buƙaci maɓallai da alamomi, shafin Kenney yana ba da su da lasisin CC0, wanda ya halatta amfani ko a kasuwanci. Hoton da ka tsinta a Google ko waƙar wani mawaƙi kuwa suna da masu su, kada ka sa ba izini.

Rubutun cikin wasa ka yi shi da Hausa. Tun 2025 ita ce harshen ƙasa a Nijar, kuma wasan da aka yi a Maraɗi da ita zai karantu a Damagaram da Tawa da Katsina da Kano. Sai dai yawancin salon haruffan da ake yi don wasanni ba su da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, sai ka ga akwati a madadinsu ko harafin ya fito daban da ƴan'uwansa. Noto Sans na Google da Andika na SIL suna da su, kuma lasisinsu ya yarda ka sa su cikin wasa. Gwada da jimla irin "ƴaƴanka sun ƙare" kafin ka zaɓa. Sunayen fayiloli kuma ka bar su da haruffa marasa ƙugiya, ƙanana, ba tazara.

Gurabe su yi girman da babban yatsan magidanci zai taɓa ba tare da ya haɗa biyu ba. A saitin aiki, ka sa yanayin miƙewar allo a canvas_items don wasan ya daidaita da kowace waya.

Koya wa na'ura dara

Hawa uku ne, kuma kowane hawa ka ajiye shi ya zama matakin wuya a wasanka. Na farko, na'ura ta tara duk tafiyar da doka ta yarda ta zaɓi ɗaya da ka. Wannan na yara ne, amma shi zai tona maka kurakuran dokarka, musamman in ka sa na'ura biyu su yi ta karawa da juna. Na biyu, ka ba ta tsari: in akwai ci ta ci, in babu ta duba ko abokin karawa na gab da ci ta toshe, in babu ta matsa inda ƴaƴanta za su kusanci juna. Na uku shi ne dabarar da ake kira minimax: na'ura ta ce in na yi kaza, zai yi kaza, ni kuma in yi kaza, ta auna kowane ƙarshe da bambancin yawan ƴaƴa, ta ɗauka cewa kai ma mafi kyau za ka zaɓa. Kowane zurfi da ka ƙara yana ninka lissafi sau da yawa, don haka fara da zurfi uku ka auna a ƙaramar waya. In tana jinkiri, karanta yankan alfa-beta, wanda ke watsar da rassan da ba za su canza sakamako ba.

Lokacin zubi ne na'ura ta fi rauni, domin ba ci a cikinsa da za ta ƙirga. Koma wurin dattawan nan ka ce: "Baba, me ya sa kuka ajiye nan ba can ba?" Abin da suka gaya maka game da tsakiya da gefe, da yadda ake shirya wurin da ɗa zai riƙa kai da komo yana ci, shi za ka mayar maki ka ba na'ura.

Gwaji

Kai wayar fada lokacin shayi, miƙa wa wani, ka rufe bakinka. Kada ka ce "danna nan". Kalli yatsansa. Za ka ga ya ja tsakuwa da yatsa alhali kai taɓi biyu ka tsara, ko ya ci ya zauna yana jira don ba abin da ya nuna masa lokacin ɗauka ne. Rubuta, kada ka kare kanka. Abokai za su ce "ya yi kyau wallahi" don kara, saboda haka abin dubawa shi ne ko sun nemi su sake bugawa. Ba ƙaramin yaro, ba mahaifiyarka, ba gwanin dara, kowanne abin da zai gano daban. Ka nemi waya mafi rauni a gidanku ka gwada a kanta, domin irinta ce a hannun mafi yawan waɗanda kake yi dominsu.

In a gida ana ganin wasa kake ba karatu ba, wannan ne lokacin nunawa. Buɗe wa mahaifinka lambobin a gefe ɗaya, allon a gefe ɗaya, canza 12 zuwa 10 a gabansa ya ga ƴaƴan sun ragu. Kuma ka nisanta wasanka da duk abin da ya yi kama da caca, ko da wani ya ce a nan kuɗi yake.

Fitarwa

Don samun fayil ɗin APK, wanda ake girkawa a wayar Android, kana buƙatar abu uku: fayilolin fitarwa na Godot masu lamba daidai da injinka, OpenJDK 17, da Android SDK, biyun nan kayan haɗa manhajar Android ne. Suna da nauyi, ka sauke su inda akwai wifi, ka raba wa ƴan ajinku a kile. Za ka ƙirƙiri makullin sa hannu, wato fayil ɗin keystore. Adana shi wuri biyu tare da kalmar sirrinsa, domin waya ba ta karɓar sabon zubin wasa a kan tsohon sai in sa hannun ɗaya ne.

Rabawar farko ta Xender da WhatsApp ce, ba ta cin ko sisi. Ta biyu itch.io, dandalin intanet da masu yin wasanni ke ɗora aikinsu: buɗe shafi kyauta ne, ka ɗora APK, ko ka fitar da wasan don burauza, ka sa wa babban fayil suna index.html, ka dunƙule su a zip. Google Play yana karɓar dalar Amurka 25 sau ɗaya wajen rajista, yana son fayil mai tsarin AAB maimakon APK ga sababbin manhajoji tun Agustan 2021, kuma sabon asusu na mutum ɗaya sai ya yi gwajin rufe, wato na waɗanda ka gayyata kawai, da mutum 12 na kwana 14 a jere kafin a bar shi ya fito fili. Ƴan fadarku sun isa wannan adadi, ka karɓi adireshin Gmail ɗinsu tun da wuri. Kafin ka sa rai da sayarwa, duba jerin ƙasashen da Google ya yarda a karɓi kuɗi daga cikinsu da hanyar da kuɗin zai iso hannunka.

Bayan dara, wasa na biyu ya zama mai motsi, don ka koyi karo da gudu da amfani da delta, lokacin da ke tsakanin hoto da hoto, wanda in ka ninka gudu da shi abu ke tafiya daidai a waya mai sauri da mai nauyi. Wannan karon kada ka yi kai kaɗai: nemi mai zane da mai kiɗa. A nahiyarmu akwai waɗanda suka bi wannan hanya suka kafa kamfani, irin Maliyo Games a Legas da Kiro'o Games na Olivier Madiba a Yawunde, wanda ya fitar da wasan Aurion a 2016. Kowace Janairu ana Global Game Jam, inda ƙungiyoyi ke gina wasa cikin awa 48 kan jigo ɗaya, a itch.io kuma kusan kowane mako akwai irin wannan gasa da ake shiga daga gida. Ku zaɓi ta kwana biyu ko uku wadda ta faɗo cikin hutu, ku caja komai tun daren jajibiri, ku kuma amince tun awa ta farko cewa wasan allo ɗaya ne da doka ɗaya.